Ruwan da Labbo Ya Tsuguna Ya Sha

Labbo ɗan Mamman bai san shekarar haihuwarsa ba. Abin da ya riƙe shi ne yana da kamar shekara goma sha biyar lokacin da cutar bushiya ta shiga rugarsu, a bayan Kekun Waje ta ƙasar Bungudu, a 1983. Mahaifinsa yana da shanu arba'in da 'yan kai. Cikin mako uku suka koma huɗu, daga nan sai ɗaya. Wadda ta tsira wata jar saniya ce mai farin goshi, ana kiranta Wule. Ita ma ba ta daɗe a hannunsu ba. Da yunwa ta biyo bayan cutar, Mamman ya ja ta da hannunsa zuwa kara, kasuwar shanu, ya sayar, ya sayo gero. Bai ƙara shekara biyu a duniya ba.

Abin da ya bar wa ɗansa shi ne sanda, da ƙafafu masu tsawo, da wasu dokoki da bai taɓa kiransu dokoki ba. Namiji ba ya cin abinci a kasuwa. Ba ya cewa yana jin yunwa. In ciwo ya kama shi, ba a jin bakinsa. Ba ya shan ruwa sai shanu sun sha, kuma ba ya sha a gaban jama'a: ya keɓe, ya juya baya, ya tsuguna, ya yi bisimilla. Sau ɗaya Mamman ya kama Labbo ya kafa kai a ƙwarya a tsaye bakin rijiya, mata suna kallo. Bai doke shi ba. Ya ce masa kawai, "Dabba ce ke sha a tsaye." Labbo bai sake ba.

Bafulatanin da ba shi da saniya, kiwon wasu yake yi. Labbo ya yi wannan shekara bakwai, sannan ya koma aikin kora a hannun Alhaji Abdullahi, wani mai fataucin shanu a Tsafe. Alhaji yakan sayi shanu a ƙauyukan Bungudu, Labbo ya koro su a ƙasa zuwa Gusau, daga nan zuwa Tsafe, inda ake tara su har tirela ta zo ta kwashe su zuwa kurmi, can kudu. Tafiyar kwana uku ce. Da yake kuɗin motar komawa kan cinye rabin ladan, sai Labbo ya riƙa komawa a ƙasa. Da farko tafiya yake yi, daga baya sassarfa, daga baya kuma gudu sosai, don ya lura in ya bar Gusau bayan sallar asuba yana gudu, yakan isa Bungudu rana ba ta yi zafi ba.

Matarsa Dije fura take sayarwa a bakin kasuwar Bungudu. Nonon da take damawa saye take yi a rugagen wasu. Kullum da sassafe takan ɗauki ƙwarya ta je ta tsaya a bakin garken wata mace, ta jira a gama tatsa. Ba ta taɓa yi masa ƙorafi ba. Amma Labbo ya san abin da ake cewa a bayan Bafulatanar da ke sayen nono.

Akwai abu ɗaya da bai taɓa gaya wa kowa ba sai ita. Alhaji Abdullahi ne ya sayi Wule a wancan lokaci, bai kuwa tura ta kurmi ba, ya sa ta cikin garkensa na kiwo. Ta haihu sau shida kafin ta mutu. Labbo ya bi sawun zuri'arta ɗaya bayan ɗaya, yadda ake bin dangi. Zuwa 1997 saura ɗaya tak: karsana mai shekara uku, ja, da farin goshi iri ɗaya da na kakarta. Duk zuwan da zai yi Tsafe, sai ya ratsa garken ya shafa wuyanta. Shi ma Wule yake kiranta.

A daminar wannan shekara aka yi wahalar man fetur. Wata safiya Malam Salisu, malamin wasanni a wata makarantar sakandare a Gusau, yana tura babur ɗinsa a kan hanyar Bungudu saboda mai ya ƙare masa, sai wani dogo ya wuce shi a guje, sanda a saɓe a kafaɗa, takalmin roba a ƙafa.

"Kai, ɗan Fulani! Wa ya biyo ka?"

Labbo ya rage gudu. "Ba kowa, Malam."

"To, mi ka sato?"

"Gida za ni."

"Ina ne gidan?"

"Gaba da Bungudu."

"Daga ina?"

"Gusau."

Malam Salisu ya dubi agogonsa, ya dubi mutumin. Ko haki ba ya yi. Ya ce masa, "Don Allah ran da za ka sake wannan haukan, ka biyo ta makarantarmu tukuna."

Bayan mako biyu Labbo ya biyo, Malam ya bi shi a babur daga bakin garin Gusau har Bungudu, agogo a hannu. Awa ɗaya da minti goma sha biyu. Malam Salisu ya sauka ya zauna a bakin hanya, ya yi ta girgiza kai. Shekara goma sha ɗaya yana horar da yara gudu, bai taɓa samun wanda ya kusa haka ba. Ya gaya wa Labbo cewa akwai gasar gudun fanfalaki da wani kamfanin lemo ke shiryawa a Kaduna kowane watan Maris, kilomita ashirin da ɗaya, kusan daidai da tazarar da ya gama yanzu. Mutum goma na farko ana ba su kyautar kuɗi.

"Don gudu kawai?" in ji Labbo. "Ba a kora komai?"

"Ba a kora komai. Kanka kawai za ka kora."

Labbo ya yi dariya, ya ɗauka ba'a ce irin ta Hausawa. Ya ce to, ya tafi.

Da kaka ta wuce, Alhaji Abdullahi ya yanke shawarar sayar da garkensa gaba ɗaya. Gonaki sun cinye burtali, kullum rigima da manoma, shi kuma yana so ya sayi motar kansa. Ya ce kafin Babbar Sallah ba zai bar ko ɗan maraƙi ba. Labbo ya yi kwana biyu yana juya maganar. A na uku ya je makarantar Malam Salisu, ya tsuguna a bakin ofis har aka tashi, sannan ya tambaye shi ko kyautar na goma za ta sayi karsana.

"Ta saya, har da igiya," in ji Malam Salisu.

Da Labbo ya kai maganar wurin Alhaji, Alhaji ya yi dariya har da tafawa. "Yau ga Bafillace zai sayi saniya da ƙafa! To, na ji. Tirela na zuwa mako guda bayan gudun naku. In ka zo da kuɗinka kafin nan, taka ce. In ba ka zo ba, wallahi ba ni da wurin ajiye ta."

Wata uku Malam Salisu yana horar da shi. Ya koya masa kada ya fara da ƙarfi. Ya koya masa gudu a kan kwalta, don shi a gefen hanya ya saba. Ya ara masa kambas, Labbo ya gwada kwana biyu ya mayar, ya ce takalminsa na roba ya fi sanin ƙafarsa. A kan gajeren wando suka fi jayayya. Daga ƙarshe Dije ta yanke wani tsohon wandonsa daidai ƙasan gwiwa, ta kalmashe bakin. Duk horon nan da asuba ake yi, kafin Malam ya shiga aji. Ba a taɓa ɗaukar ruwa ba, don ba a taɓa buƙata ba.

Ana jibi tafiya, Labbo ya shiga daji ya saro icen marke, ya feƙe, ya kafa turke a bayan bukkarsu. Dije ta fito ta tsaya tana kallo.

"Ba a kafa turke kafin saniya," ta ce.

"Ƙasa ta yi tauri. In na dawo ba ni da lokaci."

Ta dubi turken. Can ta ce, "Matsa shi kusa da inuwa."

Ranar Juma'a da sassafe ta dama masa fura, ta cika gora, ta toshe bakin da tsumma mai tsabta. Ya sha ƙwarya ɗaya a cikin ɗaki kafin ya fita. Wannan ne abinci na ƙarshe da ya shiga cikinsa har bayan gasar.

A tashar Gusau sai da suka yi awa uku kafin bas ta cika. Mutum goma sha takwas aka cusa a mazaunin goma sha huɗu. Labbo bai taɓa wuce Tsafe ba a rayuwarsa. Ya zauna a tsakiya, gora a tsakanin ƙafafunsa, wata tsohuwa a dama, wani ɗan kasuwa a hagu. A Tsafe direba ya tsaya cinikin mai a galan wurin 'yan bumburutu, cinikin ya yi tsawo, Labbo ya sauka ya ruga kara. Ya tarar da Wule a ɗaure da sauran. Ya shafa goshinta, ya duba kofatonta. Alhaji yana zaune a rumfa da abokansa suna cin shinkafa da wake.

"Bisimilla, sarkin gudu! Zo ka sa albarka."

"Alhamdu lillahi, Alhaji, na ƙoshi."

"Kai dai kullum a ƙoshe kake. To, Allah ya ba da sa'a. Ka gaishe da Kaduna."

A Funtua fasinjoji suka sayi rake da ruwan leda. A Zariya suka sayi burodi da tsire. Malam Salisu ya miƙa masa, ya ce ya ƙoshi. Rana ta take, ƙarfen motar ya yi zafi. Malam ya dubi gorar.

"Ba ka shan furar nan?"

"Sha, Malam."

"Kai aka dama wa."

"Sha dai. Za ta yi tsami."

Malam Salisu ya sha rabi, ya ba tsohuwar sauran. Ta sa wa Dije albarka, ba ta san ta ba.

Sun shiga Kaduna bayan la'asar. A wurin rajista aka ba Labbo lamba 614, da allura huɗu na maƙalawa. An sauke baƙin 'yan gudu a wata makarantar firamare, mutum arba'in a aji ɗaya, kowa da tabarmarsa. Akwai 'yan Filato, gajeru sirara masu rigunan wasanni iri ɗaya. Akwai 'yan sanda da sojoji da ɗalibai. Da aka kawo shinkafa a manyan faranti, aka yi da'ira ana ci ana surutu, Labbo ya fita waje ya zauna a gindin wata bishiya. Famfon makarantar ba ya kawo ruwa, mai kura ne ya zubo a duro ɗaya, kuma kafin magariba an kusa kwashe shi. Labbo ya sami rabin buta. Ya yi alwala da ita, ya zaga bayan ajin, ya tsuguna ya sha abin da ya rage. Bai kai cikin kofi ba.

Kafin su kwanta, Malam Salisu ya zana masa hanyar a ƙasa da tsinke. "Nan za a tashi. Nan akwai gada. Nan, da nan, da nan, da nan, akwai teburin ruwa. In ka iso, ka fizgi kofi ka sha kana gudu. Kada ka tsaya. Ka ji?"

"To, Malam."

Malam Salisu a Bungudu aka haife shi, cikin Fulani ya tashi. Ya san wannan "to" ɗin, ya san ba ko da yaushe take nufin an yarda ba. Amma hankalinsa yana kan 'yan Filato. Daga baya ya sha faɗa cewa da ya ƙara tambaya ɗaya a wannan yammacin, da labarin ya sauya.

An ce ƙarfe bakwai za a tashi. Mutum fiye da dubu biyu suka taru a kan titi, suka tsaya suna jiran babban baƙon da zai harba bindiga. Bai iso ba sai tara da rabi. Watan Maris ne, tsakiyar bazara. Kafin a harba bindigar, kwalta ta fara laushi a ƙarƙashin takalmi. Labbo bai taɓa yin gudu mai tsawo a irin wannan lokaci ba.

Da aka tashi, turereniya ta kusa kayar da shi. Ya tuna maganar Malam, ya bar masu zafin kai suka wuce. Kafin kilomita uku ya fara tsintar su ɗaya bayan ɗaya, wasu sun riƙe ƙugu, wasu sun zauna a bakin kwalbati. Mutanen gefen titi suka lura da shi, dogo mai wando har gwiwa da takalmin roba, suka fara ihu, "Ɗan Fulani! Ɗan Fulani! Ina shanun?" Bai waiwaya ba.

Teburin farko yana kilomita biyar. 'Yan mata ne a jere, sanye da riguna da hulunan kamfanin, kowace ta miƙo kofin roba. Jama'a sun cika bayansu. Labbo ya ga manyan maza suna fizge kofi daga hannun 'yar mutane ba sallama, wasu ma da hagu, suna kwankwaɗa a guje ruwa na zuba a ƙirjinsu, su watsa sauran a ka, su jefar da kofin. Ya kawar da kai ya wuce.

A kilomita goma shi ne na goma sha ɗaya. Malam Salisu ya hau acaba ya zagayo ta wata hanya, yana tsaye kusa da teburin yana ɗaga hannu. "Sha ruwa! Labbo, sha ruwa!" Jama'a suka ɗauka, "Labbo, sha ruwa!" Yanzu har sunansa sun sani. Ya wuce, bai dubi teburin ba.

Bayan gada ya wuce wani ɗan sanda, ya wuce 'yan Filato biyu. A kilomita goma sha biyar shi ne na takwas. Zufa ta daina fito masa. Harshensa ya zama kamar busasshiyar fata, titi yana rawa a idonsa. Da ya iso tebur na uku hannunsa ya ɗan motsa da kansa. Yarinyar teburin ta dube shi ido cikin ido, ta ce masa wani abu da Turanci tana murmushi. Ya mayar da hannun.

Ya san ƙishi. Ya taɓa wuni a daji da shanu ba ruwa. Amma wannan daban ne: kunnuwansa sun fara ƙara, ƙafafunsa sun fara jin kamar na aro. A kilomita goma sha takwas, da ya hango tebur na ƙarshe, ya waiga. Na tara yana can nesa, ɗan ƙarami. Labbo ya yi lissafinsa irin na makiyayi: in bai sha ba zai faɗi a gaban mutane, in ya sha da sauri ba wanda zai cim masa.

Ya tsaya cak a gaban teburin. Ya karɓi kofi da hannu biyu. "Sannu, na gode," ya ce wa yarinyar. Ya duba dama, mutane. Ya duba hagu, mutane. Can gaba kaɗan akwai wata tsohuwar gingimari a ajiye a gefen titi. Ya ratsa tsakanin 'yan kallo, ya zaga bayanta, ya juya baya, ya tsuguna, ya yi bisimilla, ya sha a numfashi uku. Duka bai kai minti ɗaya ba.

Da ya yunƙura zai tashi, ƙafafun suka ƙi. Naman cinyarsa ta hagu ya dunƙule ya zama dutse, sharaɓar dama ta bi. Ya sake yunƙurawa, ya faɗi a kan gefensa. Ciwon ya hau har ƙugu. Akwai ma'aikatan jinya a kusa da teburin, da man shafawa da motar asibiti, ba su fi taku talatin daga inda yake ba. Da a kan titi ya faɗi, da sun ruga sun murza masa ƙafar. Da ya yi ƙara sau ɗaya, da sun ji. Ya cije leɓe, bai yi ba.

Daga inda yake kwance yana ganin titi ta ƙarƙashin motar. Fuskoki ba ya gani, ƙafafu kawai. Wasu fararen kambas suka wuce. Wasu baƙaƙe. Wasu shuɗɗa. Ya ƙirga har uku, ya san ya fita daga goma. Ya ci gaba da ƙirgawa har ashirin da wani abu, sannan ya bari.

Wani mai facin taya ne ya gan shi, da ya zagayo ɗaukar kayan aikinsa. Ya miƙe masa ƙafafun, ya murza, ya kawo masa ruwa a galan, ya kuma juya baya da ya ga mutumin ya riƙe galan ɗin ya ƙi kaiwa baki. Bayan kusan rabin awa Labbo ya miƙe. Ya koma kan titi, ya ƙarasa kilomita ukun da tafiya, yana ɗingishi, cikin ɗalibai da masu ƙiba. An rubuta shi na ɗari uku da goma sha bakwai. Aka ba shi farar riga mai hoton kwalbar lemo.

Malam Salisu ya yi ta nemansa har motar asibiti ya leƙa. Da ya same shi a gindin wata katanga, sai ya tsaya a kansa.

"An ce an gan ka na takwas. Ina ka shiga?"

"Ruwa na sha, Malam."

"Ina?"

"Bayan wata mota."

"Bayan mota! Labbo, ba ka iya sha bisa hanya?"

"Mutane na kallo."

"Mutum dubu biyu sun sha mutane na kallo!"

"Su ne."

"Innalillahi. Saura kilomita uku fa. Uku! Daga makarantarmu zuwa tasha!" Malam Salisu ya cire hularsa ya buga a cinya. "Wata uku ina tashi da asuba. Na koya maka kwalta, na koya maka numfashi. Ashe shan ruwa ya kamata in koya maka, kamar ɗan yaye."

Labbo ya sunkuyar da kai. Yana kallon takalminsa, wanda zafin kwalta ya lanƙwasa masa baki. Can Malam ya zauna kusa da shi, ya sassauta murya.

"Jiya ka ci wani abu?"

"Na ƙoshi."

"Ban tambaye ka ko ka ƙoshi ba."

Malam Salisu ya tashi, ya sayo burodi da shayi a gwangwani, ya ajiye a gabansa, ya tafi can nesa ya tsaya yana kallon titi har ya gama.

Sun kwana a Kaduna, suka kamo hanya ranar Lahadi. A Tsafe motar ta tsaya, Labbo bai sauka ba. Ya isa gida da yamma. Dije tana tankaɗe a ƙofar bukka. Ta dubi fuskarsa, ta dubi rigar da ya naɗe a hammata, ta dubi yadda yake taka ƙafar hagu.

"Sannu da hanya."

"Yauwa."

"Ina gorar?"

Ya bar ta a ajin da suka kwana. Ya gaya mata.

"Ka dai sha furar?"

"Malam ya sha. Da wata tsohuwa. Ta sa miki albarka."

Dije ta ci gaba da tankaɗe. Ba ta ƙara tambaya ba, a ranar ko bayanta.

Ranar Asabar tirela ta zo Tsafe. Alhaji Abdullahi ya aika a gaya wa Labbo ba sai ya zo lodi ba, akwai masu yi. Ya zo duk da haka. Alhaji ya riga ya ji labarin, kamar yadda duk kara ta ji, kuma an yi dariya an gaji. Da ya gan shi bai yi dariya ba.

"Na jira, Labbo. Ka shaida."

"Ka jira, Alhaji. Allah ya saka."

"Karsana ce mai kyau. Ƙila can wani ya saye ta don kiwo."

"Ƙila."

Su biyun sun san inda tirelar take zuwa, da abin da ake yi da shanu a can ana saura kwana goma Sallah. Tafiyar kwana uku ce, kuma ba a shayar da su a hanya. Labbo ya ari bokiti, ya je rijiyar kara ya ɗebo sau biyu, ya tsaya har Wule ta sha ta ɗaga kai da kanta. Sannan ya kama igiyar ya hau da ita kan tudun lodi. Ta yi turjiya a bakin motar, ya yi mata magana a kunne da Fulatanci, ta shiga. Ya ɗaure ƙahonta a jikin ƙarfe kamar sauran, ya sauko. Bai jira tashin motar ba.

Malam Salisu ya ce baɗi za su koma, kuma wannan karon zai sa shi ya yi ta shan ruwa a tsaye a gaban ɗalibai har ya saba. Sau biyu Labbo ya je. Ya riƙe kofin, yara suna dariya, ya ajiye. Kafin shekara ta zagayo kamfanin ya janye daga gasar, ba a sake yin ta ba. A 1999 aka mayar da Malam Salisu wata makaranta mai nisa. Alhaji Abdullahi ya sayi motarsa, kuma tun daga nan a mota ake kwaso shanu daga Bungudu zuwa Tsafe, cikin awa biyu. Aikin kora ya mutu.

Yanzu Labbo ƙwadago yake yi: noma a gonakin mutane da damina, dakon buhuna a kasuwar Bungudu da rani. Cinyar hagu tana riƙe shi in ya daɗe a tsugune. Ya daina gudu, don babu inda zai dawo daga gare shi. A kasuwa akwai masu kiransa Na-takwas, yana amsawa. Farar rigar tana cikin akwatin Dije, ba a taɓa sa ta ba.

Dije har yanzu tana fita da sassafe da ƙwaryarta, ta tsaya a bakin garken wasu ta jira a gama tatsa. Turken yana nan a bayan bukka, kusa da inuwa. Marke ne, gara ba ta cin sa da wuri. In ta wanke ƙoren fura, a kansa take kife su su bushe.